Excel, CIEL, sabar FHIR ko Mirth: wanne zaka kama in za'a juya bayanan asibiti daga wannan lamba zuwa waccan?

Wannan na wanda aka ɗora wa kula da kwamfutar asibiti ne, ko shugaban ɗakin kati, ko likitan da ya buɗe kilinik nasa kuma ya gaji da ganin ana rubuta abu ɗaya sau uku, a folda, a fom ɗin inshora, sannan a rajistar rahoton wata. Likita ya rubuta MP (maleriya) ko HTN (hawan jini) ko CVA (shanyewar ɓarin jiki) yadda hannunsa ya saba, masu inshora suna son lambar ICD-10, rahoton wata manhajar DHIS2 ta tara rahoton lafiya yake tafiya, injin lab yana fito da sakamako da nasa sunayen, sai ga wata ƙungiya mai tallafi ta shigo tace ita da FHIR, wani tsarin musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji, take so a riƙa turo mata. Oga kuma yace maka ai haɗa su kawai zaka yi.

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai lambar da take faɗin menene abun: ICD ta WHO don ƙidayar cututtuka da mace-mace da biyan inshora (ICD-10 tun 1994 ake aiki da ita, ICD-11 an amince da ita a 2019 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022), SNOMED CT don bayanin likita dalla-dalla, LOINC don gwaje-gwaje da awo, ATC ko RxNorm don magunguna. Sannan akwai tsarin da ake shirya saƙon kafin a tura shi, wato su HL7 v2, FHIR, fayil ɗin CSV ko tsarin DHIS2. Juya tsarin saƙo aikin mai rubuta manhaja ne, in ya lalace a gyara a sake turawa shikenan. Juya lamba kuwa hukuncin likitanci ne, kuma hanya ɗaya yake bi, daga bayani mai yawa zuwa taƙaitacce. In an rubuta maleriyar falciparum da ta taɓa ƙwaƙwalwa, B50.0 kenan, zaka iya mayar da ita maleriya kawai duk ranar da wani rahoto ya buƙaci haka. Amma in tun farko B54 aka ajiye, maleriyar da ba'a fayyace ba, babu manhajar da zata dawo maka da abun da ba'a rubuta ba, gero in ya zama gari baya komawa tsaba.

Abubuwan da nake auna kowace hanya da su

Kuɗi, ba na lasisi kaɗai ba, harda kwamfutar da zata riƙe abun, wutar da zata ci, da albashin wanda zai zauna a kai. Ƙarko, wato in an fitar da sabbin lambobi ko yaron da ya haɗa abun ya samu aiki a Abuja ya tafi, me zai rage. Sauƙi ga ma'aikatan da kake da su a yanzu ba waɗanda kake fatan samu ba. Haɗari, musamman kuskuren da baya ƙara, lamba ta tafi ba daidai ba kuma babu wani jan rubutu da ya fito. Sai na ƙarshe wanda a nan wajenmu baya tsallakuwa, shin yana aiki in ba netwok.

Hanya ta 1: teburin Excel da kuka haɗa da hannu

Ku zauna da likita da mai lab da mai famasi, ku fitar da sunayen da aka fi rubutawa a asibitinku, gefe guda sunan gida gefe guda lambar da ake so. Taifot A01.0, hawan jini I10, ciwon suga nau'i na biyu E11, sikila in ta tashi D57.0 in bata tashi ba D57.1, jijjigar masu ciki O15, yoyon fitsari N82.0, Lassa A96.2. Kuɗinsa kusan babu, lokacin mutane ne kawai da ɗan lemo, kuma ba ruwansa da intanet. Ga ƙaramin kilinik da cututtukan da yake gani kullum basu wuce ɗari biyu ko uku ba, gaskiya wannan ya isa, kar wani ya raina maka shi.

Sai dai Excel da kansa yana cin lambobi, kuma wannan ba ƙaramar magana bace. Lambar LOINC ta sugan jini 2345-7 ce, in ka buɗe CSV kai tsaye zai iya ɗaukarta kwanan wata, watan Yuli na shekarar 2345. Lambar ICD-11 ta ciwon hanta mai daɗewa na ƙwayar bairos 1E51 ce, Excel zai karanta ta a matsayin ɗaya da sifili 51 a bayansa. Lambobin SNOMED kuma wasu suna kai alƙaluma 18, shi kuwa 15 yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifili bai gaya maka ba. Maganin shine a mayar da kolum ɗin na rubutu kafin a shigo da komai, amma ranar da wani ya buɗe fayil ɗin a laftof ɗinsa ya danna sebin, ɓarna ta dawo.

Ɗaya matsalar ta mutane ce. Bayan wata shida zaka tarar da kwafi huɗu, ɗaya a flash ɗin mai lab ɗaya a WhatsApp, kowa yana cewa nasa ne na ƙarshe. In zaka bi wannan hanya ka ƙara kolum uku: wa ya amince da layin, yaushe, kuma haɗin daidai-wa-daida ne ko lambar da aka kai ta fi faɗi. Ka kuma rubuta wace ICD-10 ɗin ce, don da yawa suna bincika lamba a Google su kwaso ICD-10-CM ta Amurka mai lambobi kusan 70,000 su zata ta WHO ce. In kaga E11.65 ko D57.00 to ta Amurka ce, manhajar da aka gina kan ta WHO zata iya ƙin karɓa.

Hanya ta 2: ƙamus ɗin CIEL ta hanyar Open Concept Lab

Wannan nake ganin ba'a ba shi haƙƙinsa. CIEL ƙamus ne da Dakta Andrew Kanter na jami'ar Columbia ya daɗe yana kula da shi, yana da ma'anoni (cuta, gwaji, awo ko magani, kowanne da lambarsa) sama da 50,000, kuma shi yawancin masu OpenMRS, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya ta kyauta, suke ɗorawa. Abun da ya sa yake da amfani shine an riga an ɗaure yawancin ma'anonin da ICD-10 da SNOMED CT da LOINC da RxNorm, kuma kowane ɗauri an faɗi irinsa, daidai yake ko ya fi faɗi ko ya fi ƙunci. Nas ta auna nauyi ta shigar, a cikin CIEL lambarsa 5089 ce, hawan jini na sama 5085, in za'a fitar da bayanin sai lambar LOINC ta biyo shi ba tare da ita ta san da wata LOINC ba. Tunda OpenMRS a Eldoret ta Kenya aka fara aiki da shi a asibitocin masu cutar HIV, ƙamus ɗin ya san tarin fuka da maleriya da awon ciki da tamowa, ba kamar kayan da aka gina don asibitocin Amurka ba. Wanda ya taɓa aiki da manhajar NMRS ta Najeriya a ɓangaren HIV ya riga ya san yanayin gidan, don a kan OpenMRS aka gina shi.

Ƙamus ɗin kansa ba'a saye. A shafin intanet na Open Concept Lab (OCL) kake zaɓen waɗanda kake buƙata ka tara su wuri guda, sannan ka sauko da su cikin manhajarka, daga nan aiki yake ba netwok sai ranar sabuntawa. Ƙarkonsa ya fi na Excel nesa ba kusa ba tunda ba kai kaɗai kake riƙe da shi ba.

Inda yake ciwo: in manhajarku ba OpenMRS bace, wani kamfani ne ya rubuta muku da nasa jerin cututtuka, to sai kun fara ɗaure jerinku da CIEL tukun, aikin hannu ya dawo kenan ko da yake sau ɗaya ne. Sannan magunguna, RxNorm na kasuwar Amurka ne, paracetamol ma acetaminophen suke ce masa, kuma kwalayen da ke kantin famasinku masu lambar NAFDAC ba zaka same su da sunan kamfaninsu a can ba. Ni da za'a bi ta tawa a ɗaure magani da sunan sinadarinsa da lambar ATC, artemether da lumefantrine P01BF01, paracetamol N02BE01, sunan kamfani ya zauna a nasa kolum. Jarabar da take kama mutane ita ce in basu ga abu a minti biyu ba sai su ƙirƙiri nasu, bayan shekara an tara ɗaruruwan ma'anonin gida marasa ɗauri da komai.

Hanya ta 3: sabar lambobi mai magana da FHIR

Anan kwamfuta guda ake warewa aikinta kawai riƙe ƙamusoshi da teburan ɗauri, duk manhajar da take son juya lamba sai ta tambaye ta. A FHIR teburin ɗaurin sunansa ConceptMap, tambayar kuma $translate, akwai $lookup da $validate-code don duba ko lamba tana nan da ranta. Na kyauta akwai HAPI FHIR, akwai kuma Snowstorm na su SNOMED International, na kuɗi akwai Ontoserver na hukumar CSIRO ta Ostareliya. ICD-11 ma WHO ta bada damar ka ɗora tata sabar a kwamfutarka ta hanyar manhajar Docker, ba sai kana da intanet ba.

Wannan ita ce hanyar da tafi kiyaye ma'ana. SNOMED CT tana da ma'anoni sama da 350,000, ICD-10 kuwa wajen 14,000, don haka in likita ya rubuta da SNOMED akwai tebur na hukuma da yake saukar da shi zuwa ICD-10, kuma teburin yana da sharuɗɗa a ciki, misali rashin haihuwa in namiji ne N46 in mace ce N97, wasu kuma sai an duba shekaru, wasu ma'ana ɗaya lambobi biyu take haifarwa. Teburin Excel mai kolum biyu bazai iya wannan ba. FHIR kuma yana barinka ka tura lambobi da yawa a kan abu guda tare da ainihin rubutun likita, lambar gida da ta SNOMED da ta ICD duk a jere, wanda ya karɓa ya ɗauki wadda yake ganewa. Dan Allah duk hanyar da ka bi kar ka yar da ainihin rubutun nan, shine abun komawa in ɗauri ya fito ba daidai ba.

Kuɗin fa? FHIR kyauta ne, LOINC kyauta ce daga cibiyar Regenstrief, ICD-11 kyauta ce. SNOMED ce mai sharaɗi: kyauta ce a ƙasashen da suke mambobi da kuma ƙasashen da ke rukunin masu ƙaramin ƙarfi, a sauran wurare ana biyan lasisi da dala duk shekara, don haka asibiti a Maraɗi da asibiti a Katsina ba lallai lissafinsu ya zo ɗaya ba, ka duba matsayin ƙasarka a shafin lasisinsu kafin ka ɗora. Akwai wani yanki da suka saki kyauta ga kowa mai suna Global Patient Set, amma jerin lambobi da sunaye ne, babu dangantakar da ke tsakanin ma'anonin. Bayan lasisi, Snowstorm a kan manhajar bincike ta Elasticsearch yake tafiya kuma yana cin RAM sosai, sai saba mai ƙarfi da inbata ko sola, ko hayar saba a intanet da dala. In hayar zaka yi ka bar sunayen marasa lafiya a gida, lambobi kaɗai sabar take buƙata, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri.

Babban haɗarinta mutum ne. SNOMED ta duniya duk wata take fitar da sabon bugu yanzu, LOINC sau biyu a shekara, ana kashe wasu lambobi ana kawo wasu, in babu wanda aikinsa kenan to shekara biyu kawai sabar ta zama kayan tarihi. Sannan a bugun FHIR ka tsaya a kan R4, duk da R5 ta fito tun 2023 yawancin waɗanda zaka yi musaya da su R4 suke, kuma ConceptMap yana cikin abubuwan da suka canza a tsakaninsu.

Hanya ta 4: injin tsakiya, su Mirth Connect da OpenHIM

Wannan ba ƙamus bane, mai karɓar saƙo ne ya sake masa tsari ya miƙa gaba. Injinan lab da yawa har yau HL7 v2 ko ASTM suke fitarwa, wasu ma ta tsohuwar wayar siriyal, layuka masu sanduna a tsaye irin OBX|1|NM|HGB||9.2|g/dL, kuma ba zasu koyi FHIR don kai ba. Mirth ya ƙware a nan, yana karɓa ya juya ya ajiye a layi in netwok ya ɗauke. Amma tun bugu na 4.6 a 2025 kamfanin NextGen ya mayar da shi na kuɗi, 4.5.2 ne na ƙarshe a buɗe, wasu sun ɗauki wannan sun ci gaba da shi da sunan Open Integration Engine. In ka gaji tsohon Mirth a asibiti ka duba bugunsa yau ɗin nan, waɗanda basu kai 4.4.1 ba suna da ƙofar da ɓarayin intanet suke shiga. OpenHIM na Jembi ne a Afirka ta Kudu, kyauta, ya fi dacewa da haɗa manhajoji da yawa a matakin jiha ko ƙasa, amma kowane juyi sai an rubuta masa ƙaramar manhajarsa.

Kuskuren da ake yi shine a zata injin ya gama aiki tunda saƙo ya isa. HGB ɗin can, wato himoglobin, yana nan HGB sai wani ya ce masa 718-7 ne a LOINC. Kuma a lab ne ake kashe mutum da lamba: suga a mmol/L lambarsa 14749-6, a mg/dL 2345-7, tsakaninsu ninki 18 ne, 7 a wancan kusan 126 ne a wannan, in ma'aunin ya faɗi a hanya sai likita ya ga 7 ya ɗauka suga ya faɗi ƙasa warwas. Haka awon jini na PCV da na Hb ba abu ɗaya bane ko da a baki ana musanya su. In aka binne irin waɗannan ɗaurin cikin rubutun manhajar injin, likita baya ganinsu balle ya gyara. Gara teburin ya zauna a waje injin ya riƙa karantowa.

| | Excel | CIEL da OCL | Sabar FHIR | Mirth ko OpenHIM |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | lokacin ma'aikata | kyauta, sai horo | saba, wuta, ƙwararre, wataƙila lasisin SNOMED | kyauta ko lasisi, da mai rubuta manhaja |
| Ƙarko | rauni | mai kyau | mai kyau in akwai mai kula | matsakaici |
| Sauƙi | kowa zai iya | sauƙi in OpenMRS ne | wuya | matsakaici zuwa wuya |
| Babban haɗari | lalacewar lamba, kwafi barkatai | ƙirƙirar ma'anonin gida | tafiyar mai kula | ɗaurin da aka ɓoye, tsohon bugu |
| Ba netwok | eh | eh bayan saukewa | eh in a gida take | eh |
| Me yake juyawa | lamba | lamba | lamba | tsarin saƙo |

Abubuwa biyu da babu wadda zata yi maka ita kaɗai

Rahoton DHIS2 ba juya lamba bane, lissafi ne. Fom ɗin wata baya tambayar B54 nawa, yana tambayar masu zazzaɓi nawa aka yi wa gwajin maleriya na RDT, nawa ya nuna, 'yan ƙasa da shekara biyar nawa, masu ciki nawa. Kenan sai an haɗa cuta da shekaru da sakamakon gwaji da ko tana da ciki kafin a jefa mutum a akwati ɗaya, kuma a tabbatar ba'a ƙirga shi sau biyu ba in ya dawo bayan kwana uku. Wannan ƙa'idar ku zauna da jami'in sa ido da tattara rahoto (M&E) ku rubuta ta a takarda da Hausa ko Turancin da kowa zai gane kafin mai manhaja ya taɓa ta.

Sai tsallakawa daga ICD-10 zuwa ICD-11. WHO ta bada teburan juyi ta kowane ɓangare, amma an sake wa wasu cututtuka gida, shanyewar ɓarin jiki da take babin zuciya da jijiyoyin jini a I64 ta koma babin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kaga wanda ya kwatanta jimillar babi ta bara da ta bana zai ga kamar ciwon zuciya ya ragu alhali ba abun da ya canza a gadon asibiti. Tsofaffin bayanai a barsu da lambarsu ta asali, sabuwar a ƙara ta a gefe.

To wa zai ɗauki wanne

Ƙaramin kilinik ko PHC da buƙatarsa lambar inshora ce da rahoton wata, Excel, mutum ɗaya ne kawai yake da izinin gyara, likita ya sa hannu a kowane layi, a duba shi duk wata shida. Kar ka sayi saba.

Babban asibitin da yake shirin ɗora manhaja daga farko, ko yake kan OpenMRS, CIEL kai tsaye, da dokar cewa ba mai ƙirƙirar sabuwar ma'ana sai an bincika an rasa. In kamfani ne zai kawo muku manhaja, ku sa a yarjejeniya cewa zai baku jerin lambobinsa da ɗaurinsu a fayil duk ranar da kuka nema.

Lab mai injina, ko asibitin da ƙorafinsa shine kwafar sakamako da hannu, injin tsakiya ne, tare da ƙaramin tebur na LOINC da ma'auni wanda shugaban lab ya duba da idonsa. Ku gwada da sakamakon gaske na sati biyu kuna kwatantawa da takardar da injin ya buga kafin ku daina bugawa.

Asibitin koyarwa, hukumar inshorar jiha, ko ma'aikatar da take karɓar bayanai daga asibitoci masu manhajoji daban-daban, su ne sabar FHIR ta dace da su, yawanci da OpenHIM a gabanta, kuma sai in akwai aƙalla mutum biyu a kan albashin dindindin da suka iya ta, ɗayansu ya fito daga ɓangaren likitanci ko ɗakin kati. In mutum ɗaya ne kuma kwangilar ƙungiya ce take biyansa, ku fara da CIEL da HAPI FHIR a kan LOINC da ICD, SNOMED ta jira sai an samu na biyun.